Jirgi Mai Inji Biyu: In Ɗaya Ya Mutu Fa?

Ranar Laraba, 15 ga watan Mayu, 2024, Mataimakin Shugaban Ƙasa, Alhaji Kashim Shettima, ya zo Birnin Kebbi ya sallami jirgin farko na alhazan Nijeriya na waccan shekara, daga filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa, a kan hanyar Argungu. Abin farin ciki ne ga mutanen Gwandu da na Kabi da na Yawuri da na Zuru, gama kakanninsu da ƙafa su ke wannan tafiya, ta Barno da Wadai da Darfur har bakin Bahar Maliya. Waɗansu su yi shekaru a hanya suna noma suna ƙara gaba, waɗansu kuwa ba a sake jin labarinsu. Yau mutum ya yi sallar asuba a Argungu, kafin wata asubar ta kewayo yana ƙasa mai tsarki.

Amma akwai wata magana da mu ke ji kowace shekara a bakin 'yan rakiya. Sai ka ga dattijo ya tsaya bayan shinge, ya ƙirga injunan da ke rataye ƙarƙashin fukafukai, ya ga biyu kaɗai, ransa ya ɓaci. Ya ce da can jirgin alhazai huɗu gare shi, yanzu an rage biyu don tsimin mai, an yi ciniki da ran talaka. Sa'an nan ya ce, in ɗaya ya mutu a tsakiyar hamada fa?

Tambayar dattijon nan tambaya ce ta mai hankali, ta kuwa cancanci amsa ta gaskiya. Mun ga ya dace mu amsa ta a wannan shafi sabo da ku malaman makaranta da akawuna. Tun zamanin En'e har yau, wurinku mutanen gari ke kawo takarda ku karanta musu, abin da kuka faɗa kuma shi su ke riƙewa. Ga ra'ayinmu a taƙaice. Jirgin fasinja mai inji biyu yana iya tashi, ya yi tafiya, ya sauka lafiya da inji ɗaya, domin a kan haka aka ƙera shi. Inda haɗarin ya ke shi ne wurin matuƙin da ya ƙi bin ƙa'ida bayan injin ya mutu, da wurin mutanen da ke matsa masa lamba ya ƙi bin ta.

YADDA AKA ƘERA SHI

Babu hukumar da za ta ba babban jirgin fasinja takardar izini sai maƙeransa sun nuna a fili cewa in inji ɗaya ya mutu a lokacin da ya fi kowane muni, watau yana cikin gudu a kan titi dab da tashi, kuma yana ɗauke da iyakar nauyinsa, sauran injin zai iya ɗaga shi. Doka ta yanka adadi. Jirgi mai inji biyu, da zarar ya naɗe tayoyinsa, dole ya hau sama aƙalla ƙafa 24 a cikin kowace ƙafa 1,000 da ya yi gaba, da inji ɗaya tak. Mai inji huɗu in ya rasa ɗaya rubu'in ƙarfinsa ya rasa, mai inji biyu kuwa rabi. Don haka a ke ba kowane ɗaya daga cikin biyun ƙarfin da ya isa ya ɗauki jirgin shi kaɗai.

Kafin kowane tashi matuƙa su kan yi lissafi, su fitar da wani adadin gudu wanda za mu iya kira gudun yanke shawara. In inji ya mutu kafin jirgi ya kai wannan gudu, sai a taka birki, sauran titin ya isa a tsaya. In kuwa ya mutu bayan an wuce shi, ba a tsayawa. Tashi a ke yi da ɗayan, a kewayo a sauka. An gama wannan shawara tun jirgi bai motsa ba, don kada mutum ya tsaya tunani a lokacin da ba shi da ko daƙiƙa biyu.

Duk wanda ya taɓa kallon tseren kwalekwale a Matan Fada ranar Kabanci ya san abin da ke biyo baya. In masu filafili na hannun dama suka daina tuƙi, na hagu suka ci gaba, kan jirgin dama zai karkata, sai na baya ya sa filafilinsa ya miƙe shi. Haka jirgin sama ya ke. Ya kan karkata wajen injin da ya mutu, matuƙi kuwa ya taka abin da ke juya allon wutsiya ya daidaita shi. Maƙera sun yi wutsiyar da girma domin wannan rana.

In a can sama abin ya faru, jirgin ba ya faɗowa kamar dutse. Ba zai iya zama a ƙafa 35,000 da inji ɗaya ba, sai ya riƙa saukowa sannu a hankali zuwa kamar ƙafa 20,000 ko sama da haka, gwargwadon nauyinsa, ya ci gaba da tafiya a nan. Dutsen Marra na Darfur, wanda alhazan da su ke gani a hanya, tsawonsa kusan ƙafa 10,000 ne. Tun a ƙasa a kan auna hanya da duwatsunta. Kowane inji yana da hanyar yanke masa mai, akwai kuma tulunan kashe gobara da a ke harbawa cikinsa daga ɗakin matuƙa. A wutsiya akwai wani ɗan ƙaramin inji da a kan tayar don ya ba da lantarki. Matuƙa kuwa sau biyu a shekara a ke jarraba su, galibi a cikin na'urar kwaikwayon jirgi, a kashe musu inji ba zato ba tsammani a ga yadda za su yi.

DOKAR TAZARA

Tsoron dattijon nan yana da asali. Jiragen sama uku na sojan Ingila da suka fara sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, daga Alƙahira, inji ɗaya ɗaya gare su, injunan wancan zamani kuwa masu farfela ba a cika dogara da su ba. Shi ya sa a 1953 hukumar jiragen sama ta Amurka ta kafa doka cewa jirgi mai inji biyu kada ya yi nisan da ya wuce tafiyar minti 60 daga filin da zai iya sauka. Sabo da haka doguwar tafiya ta teku da ta hamada ta zama ta masu inji uku da huɗu.

Da injunan zamani suka nuna ƙwarinsu, aka shiga sassauta dokar mataki mataki. A watan Fabrairu 1985 jirgin Boeing 767 ya tashi daga Bostan zuwa Faris da izinin minti 120. A 1988 aka kai minti 180. A 2014 hukumar Turai ta ba Airbus A350 izinin minti 370, watau awa shida da minti goma yana tafiya da inji ɗaya kafin ya kai fili. Turawa suna kiran wannan tsari ETOPS. Ba kyauta a ke ba da izinin ba. Don samun na minti 120 kaɗai, sai lissafi ya nuna irin injin ba ya mutuwa a sama fiye da sau ɗaya cikin awa 20,000 na aiki. Malamin lissafi ya ba yara su raba wannan da 24, za su ga ya fi shekara biyu inji yana juyawa dare da rana.

An kuwa ga abin a aikace. A watan Maris 2003 wani Boeing 777 da ya taso daga ƙasar Niyu Zilan zuwa Amurka ya kashe inji ɗaya a tsakiyar Tekun Pasifik, ya yi kusan awa uku da ɗayan, ya sauka lafiya a tsibirin Hawai. Ranar 20 ga Fabrairu, 2021, injin dama na wani 777 ya tarwatse jim kaɗan bayan tashinsa daga Denba, ɓaraguzansa suka zubo cikin unguwa, wuta tana ci fasinjoji suna gani, amma ya kewayo ya sauka ba wanda ya ji rauni. Kamfanin Boeing ya miƙa 747 na ƙarshe, watau babban jirgin nan mai inji huɗu da alhazanmu suka saba da shi, a watan Janairu 2023, ya daina ƙera shi. Gaskiya ne tsimin mai yana cikin dalilin. Amma da lissafin haɗari bai ba da dama ba, da hukumomi ba su yarda ba. Ko mun so ko mun ƙi, 'ya'yanmu a jirgi mai inji biyu za su yi yawancin tafiyarsu.

HUƊU BA SU HANA BA

Mutanen wannan yanki ba sa bukatar a tuna musu ranar Alhamis, 11 ga Yuli, 1991. Jirgin alhazai ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato, a lokacin Kebbi tana cikin Jihar Sakkwato, saura 'yan makonni a yanke ta. Jirgin DC-8 ne, inji huɗu gare shi, duk huɗun kuwa lafiyarsu lau. Bincike ya nuna waɗansu tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, an kuma san da haka, amma aka sallame shi don gudun jinkiri. Tayoyi suka fashe a kan titi, suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgi da wutar. Mutum 261 suka rasu, ba wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu.

Haka kuma jirgin da ya faɗi a Abuja ranar 29 ga Oktoba, 2006, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a ciki a hanyarsa ta komawa Sakkwato. Inji biyu gare shi, amma masu bincike ba su ɗora laifin a kan inji ba. Muguwar iskar hadari ce ta same shi yana tashi.

Abin da ke kashe inji biyu gaba ɗaya yana kashe huɗu gaba ɗaya. A watan Yuni 1982 wani 747 na Ingila ya shiga tokar dutse mai aman wuta a sararin Indunisiya, injunansa huɗu duk suka mutu, sai da ya sauko ƙasa da tokar suka sake tashi. A watan Mayu 1983 wani jirgi mai inji uku ya tashi daga Mayami, uku ɗin duk suka tsiyaye da baƙin mai, domin makanikan da suka yi aikin dare sun manta ɗan zoben roba a kowane ɗayansu. Da ƙyar matuƙa suka tayar da ɗaya suka komo. Irin wannan ne ya sa dokar tazara ta ce kada makaniki ɗaya ya yi aiki iri ɗaya a injuna biyu a lokaci guda, don kada kuskurensa ya zama tagwaye. Gurɓataccen mai, ƙarewar mai, tsuntsaye, toka, sakacin gyara, duk ba ruwansu da ƙirga.

INDA DATTIJO YA YI GASKIYA

Ba mu ce mutuwar inji ƙaramin abu ba ce. Mai inji huɗu in ya rasa ɗaya, doka ta ba matuƙinsa dama ya auna, in ya ga ba haɗari ya ci gaba. Mai inji biyu ba shi da wannan dama, gama ba sauran na ajiya. Dokarsa ɗaya ce: ya nufi fili mafi kusa wanda ya dace, ya sauka. Duk amincin da muka bayyana a sama a kan wannan doka ya ke tsaye.

Ƙasar nan ta ga abin da ke faruwa in an taka ta. Ranar Lahadi, 3 ga Yuni, 2012, jirgin Dana ƙirar MD-83 ya tashi daga Abuja zuwa Legas. Rahoton da hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta fitar a 2017 ya ce inji na ɗaya ya rasa ƙarfinsa minti 17 bayan tashi. Ga Abuja a baya, ga Ilori da Akure da Ibadan a kan hanya ko gefenta. Matuƙa ba su ɗauko takardar jerin ƙa'idoji sun bi ba, ba su kuma sauka a fili mafi kusa ba, suka ci gaba. Suna dab da Legas na biyu ya ƙi amsawa. Jirgin ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga, mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da waɗansu a ƙasa. Inji ɗayan nan ya riƙe su tsawon tafiyar da ta isa su sauka tun da wuri, aka kashe lokacin wajen neman cika alkawarin isa Legas.

Akwai kuskure na biyu, shi ne kashe injin da ke da lafiya. Ranar 8 ga Janairu, 1989, a Ingila, injin hagu na wani Boeing 737 ya lalace, jirgi ya ɗauki rawa, hayaƙi ya shigo. Matuƙa suka yi gaggawa suka kashe na dama. Kaftin ya yi shela cewa na dama ne ya sami matsala. Waɗansu fasinjoji sun ga wuta a hagu da idonsu, amma suka yi shiru, a zatonsu matuƙi ya fi su sani. Jirgin ya faɗi kusa da wani ƙauye da a ke kira Kegworth, mutum 47 suka mutu. Shi ya sa a ke koya wa matuƙa kada hannu ya riga ido: ɗaya ya ɗora hannu a kan makashin, ɗayan ya duba ya tabbatar, sa'an nan a kashe. Fasinja ma yana da nasa rabo a nan. Matuƙi ba ya ganin fukafukai sosai daga inda ya ke. Wanda ya ga wuta ko tsiyayar mai ta taga, ya kira ma'aikacin jirgi ya gaya masa a hankali, ya faɗi ko hagu ne ko dama. Kunya irin tamu ta rashin gyara wa babba magana ba wurinta ba ne nan.

ZAFI, KAYA DA TSUNTSAYE

Yanzu sai mu juyo gida, gama akwai abubuwa uku na kwarin Rima da suka shafi maganar nan kai tsaye.

Na farko zafi. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi ya kan wuce ma'auni 40. In iska ta yi zafi sai ta yi sakayau, fiffike ba ya samun abin takawa sosai, inji ma ƙarfinsa ya ragu, jirgi ya bukaci titi mai tsawo. Mutanen Kano ba su manta da ranar 4 ga Mayu, 2002 ba, sa'ad da jirgin EAS mai inji biyu ya cinye titinsa da tsakar rana bai tashi ba, ya shiga ƙasa, injunansa suka shaƙi ƙura, ya ɗan ɗaga ya faɗa kan gidajen Gwammaja, fiye da mutum 100 suka halaka.

Na biyu kaya. Lissafin nan na ƙafa 24 a kan nauyin gaskiya a ke yin sa. Akawun jirgi ya haɗa nauyin mutane da na kaya da na mai, matuƙi ya duba zafin ranar da tsawon titi, ya ga ko inji ɗaya zai iya ɗaga su. In lissafi bai fita ba, sai a rage kaya ko a jira sanyin dare. To, wanda ya lallaɓi mai sikeli aka rubuta masa kilo 30 alhali jakarsa ta kai 45, ko ya cusa tsaraba a riga da jakar hannu don kada a auna, ƙarya ya sa a cikin lissafin da ransa ke rataye a kai. In mutum ɗaya ne ba kome, amma in mutum 400 suka yi fa? Jihar nan ta san abin da lodi ke yi wa jirgi. A watan Mayu 2021, jirgin ruwa ya nutse da ɗimbin jama'a a Kwara kusa da Warra, a ƙasar Ngaski.

Na uku tsuntsaye. Filin Ambursa ba shi da nisa da fadamar Rima, inda shinkafa ke tara jan-baki, ruwa kuma ke tara balbela da shamuwa da dinya. Inji na zamani an gwada shi da haɗiyar tsuntsu, amma garke na iya shiga duka biyun a lokaci ɗaya. Haka ya faru a Niyu Yok ranar 15 ga Janairu, 2009, manyan agwagin daji suka kashe injuna biyu na wani Airbus A320, Kaftin Chesley Sullenberger ya saukar da shi a kan kogin Hudson, mutum 155 duk suka tsira. Ba kullum a ke samun irin wannan sa'a ba. Fadama ba mu da ikon kawar da ita, ba ma kuwa so, gama ita ce abincinmu. Amma juji da mahauta da wurin shanya hatsi kusa da shingen fili, waɗanda ke kiran ungulu da shirwa, waɗannan aikin mutum ne, akawun ƙaramar hukuma ne ke buga takardar izininsu. Shinge ma a kula da shi. A watan Yuli 2005 jirgin Faransa ya afka wa garken shanu a kan titin saukar Fatakwal.

ABIN DA MU KE ROƘO

Ga hukumar alhazai ta jiha da ta ƙasa, muna roƙo a sa wannan darasi cikin bitar maniyyata. A gaya musu in sun ji ƙara kamar harbin bindiga, ko sun ga harshen wuta a bayan inji, su zauna a kujerunsu su ɗaure ɗamara, kada su ruga gefe ɗaya. A kuma sami mai yin shela da Hausa a cikin kowane jirgi, in da hali har da Fulatanci da Zabarmanci, gama tsoro ya fi kama wanda bai ji abin da a ke faɗi ba.

Ga hukumar bincike ta NSIB, muna roƙo ta riƙa fassara taƙaitaccen rahotonta da Hausa. Iyalan waɗanda suka rasu suna da hakkin su san dalili da harshensu, in ba haka ba jita-jita ce za ta cika wurin.

Ga masu kula da filayen Ambursa da Sakkwato, tsakaninsu bai kai mil 100 ba, kowannensu mafakar ɗan'uwansa ne. Dokar sauka a fili mafi kusa ba ta da amfani in an iso an tarar fitilun titi a mace, ko motar kashe gobara ba ruwa. Ina amfanin baɗi ba rai? A tabbatar suna shirye duk sa'ar da jirgi ke sama. Alhazan 2023 sun ga yadda yaƙin Sudan ya rufe sararin ƙasar, jiragensu suka yi zagaye, tafiya ta ƙara tsawo. Kowane fili da ya fita daga lissafi, nisa ya ƙaru ga mai inji ɗaya.

Ga manyanmu da attajiranmu, da mu kanmu fasinjoji, a nan maganar ta fi nauyi. Mun sha ganin an dakatar da jirgi don gyara, ko ya tashi ya komo, jama'a su taso wa ma'aikata da zagi, wani babba ya shiga buga waya yana cewa a san da wa a ke yi. Kowane irin wannan zagi yana koya wa kamfani cewa jinkiri ya fi haɗari tsada, yana kuma koya wa matuƙi cewa in ya komo zai sha tambaya. Gudun jinkiri ne ya sallami jirgin Jidda. A nemi hakki in an wulakanta fasinja, a ba shi abinci da masauki da bayani na gaskiya, wannan daidai ne, hukumar NCAA ma tana karɓar irin wannan ƙara. Amma matuƙin da ya sauke ku a Sakkwato ko Kano alhali Abuja kuka nufa, domin inji ɗaya ya yi tari, godiya ta kamace shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga malaman makaranta kuwa, ku ɗauki maganar nan ku kai aji. A cikinta akwai lissafi, akwai labarin ƙasa, akwai kimiyyar iska da zafi. Makarantar koyon tuƙin jirgin sama tana Zariya tun 1964, tana horar da matuƙa da makanikai da masu aikin hasumiya. Ba dalilin da zai hana ɗan Basarken da ya iya miƙe kwalekwale a Rima ya zauna a ɗakin matuƙa, in an ba shi ilmi.

In dattijon nan ya sake tsayawa bayan shinge yana ƙirga, ku gaya masa biyun sun isa, ɗaya ma ya isa ya kai ɗansa ƙasa lafiya. Sa'an nan ku ce masa ya tambayi abin da ya fi ƙirga amfani: an auna kayan da gaskiya, an bar makaniki ya gama aikinsa, an kuma bar matuƙi ya komo in ya ga ya kamata? Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, amin.